Ƙayar da Aka Gitta a Hanyar Dutsen Shanu

Ɗanyar ƙaya tana da warinta na daban, musamman bagaruwa idan ba a daɗe da sare ta ba. Wari ne mai ɗaci-ɗaci, kamar an murtsuke ɗanyen ganye a tafin hannu. Ran nan tun a cikin mota na fara jin sa, tun ba mu sauka daga kwalta ba, na ɗauka iska ce ke kwaso shi daga gonaki. Sai da muka sha kwanar da ke bayan rijiyar makiyaya, Malam Habu direbanmu ya taka birki, sannan na ga abin da ke jiranmu. An gitta ƙaya a hanyar Dutsen Shanu, daga shingen gonar dama har shingen gonar hagu. Tsayinta ya kai ƙirjin namiji, an saƙa ta an danne, ko ɗan akuya ba zai ratsa ba. A bayan motar akwai ɗaliban jami'a da malaminsu, sun taso tun daga Kano da sassafe. Gwaggo Dije, wadda ta koya min wannan aiki, tana zaune kusa da ni. Ta leƙa ta taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ko wane ne ya yi wannan, ya iya aiki."

Zan dawo kan ƙayar. Na fara da ita ne saboda ku ƙannena da kuke cika min waya da saƙo: "Anti Nafisa, ki koya mana aikin nan naki, ai yawo ne kawai." Gaskiyarku. Yawo ne kawai. Ɗinki ma ai zura zare ne kawai a allura, tuƙi kuma zama ne a kan kujera. Tunda kun nace, ku gyara zama ku ji yadda ake yawon.

Aikina rakiyar baƙi. Ina bi da su ta hanyoyin da ke tsakanin Gwarzo da Kabo waɗanda ko suna ba su da shi, in nuna musu tsoffin ramukan tama, inda magabata suka riƙa haƙo dutsen da ake narkar da ƙarfe, sannan in kai su wani kogo mai zanen shanu a jikinsa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen da kogon yake ba. Ta ɓangaren Masanawa ake shiga, iyakar abin da za ku samu daga bakina ke nan, kuma kafin in gama za ku gane dalili.

Mu zuriyar maƙera ne. Gwaggo Dije yayar babana ce. Ta yi shekaru tana bin kasuwannin ƙauye da lauje da wuƙa da fartanya na ƙirar 'yan'uwanta, har ya zama babu gefen gonar da ƙafarta ba ta taka ba. Da masu bincike suka fara zuwa suna tambayar ramukan tama, kowa aka tambaya sai ya ce a je wurin Dije. Haka ta zama jagora ba tare da ta nema ba. Ni kuwa na gama jami'a da digirin tarihi, na dawo gida ina jiran aikin gwamnati, ina wuni a gindin darbejiya ina rubuta waƙoƙi a kan gajimare. Wata rana ta same ni a haka, ta dubi babana ta ce, "Ba ni yarinyar nan ta riƙa ɗaukar min jaka, tun kafin gajimaren ya ɗauke ta."

Aikina na farko, wasu malamai ne daga wata jami'a, mata biyu da namiji. Na shirya jawabi mai daɗi a kan ƙarfe da wuta da shuɗewar zamani, na haddace shi tsaf. Muka isa ƙauyen da hantsi, dutsen ga shi can ana hange, sai Gwaggo ta sa Malam Habu ya kashe mota a ƙofar gidan mai unguwa, Baba Tanko. Muka tuɓe takalma muka durƙusa a zaure.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai, Dije. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Jakin fa? Ya daina ɗingishin?"

Daga nan aka shiga labarin jaki. Aka fita daga jaki aka shiga tsadar taki, daga taki aka shiga jikarsa da ta haihu a Kara, sannan aka dawo kan jaki, domin an manta ba a faɗi wanda ya ɗaure masa ƙafar ba. Na saci kallon agogo, Gwaggo ta mintsine ni a cinya ba tare da ta daina murmushi ba. Aka ajiye goro, aka yi addu'a. Na ce mun tsira. Ashe saura cikin gida, wurin matarsa Inna Hajara, inda aka sake komai daga farko, har da jakin.

Da muka fito na raɗa mata, "Gwaggo, rana fa tana yi, baƙi sun gaji."

Ta ce, "Ba ku 'yan boko ne kuka ce dutsen nan ya shekara dubu a zaune ba? To ba yau zai tashi ba. Mai unguwa kuwa yana iya tashi."

Abin da na lura da shi, duk tsawon zaman nan ko sau ɗaya ba ta ambaci dutse ba. Baba Tanko ne da kansa, da muka dawo yi masa sallama, ya ce, "Ko baƙin za su ɗan leƙa wajen shanu?" kamar yanzu tunanin ya faɗo masa. Wannan ita ce dokar farko, kuma in kun riƙe ta kaɗai kun riƙe rabin sana'ar: ba a roƙon hanya. Gaisuwa ake yi har mai hanya ya yi tayi. Jawabina kuwa yana nan a kaina har yau, ban samu wanda zai tsaya ya ji ba.

Kayan aiki, goro ne kan gaba. Sai sandar gora wadda ta fi ki tsayi. Ramin tama bakinsa ƙarami ne kamar na tulu, cikinsa kuwa faɗi kamar rumbu, kuma da damina ciyawa takan rufe shi ruf. Sanda ce ke wucewa gaba, ƙafa ta biyo. Duk wanda ya sauya wannan tsari, da igiya ake fito da shi, shi ya sa igiya ma take cikin kaya. Sai jarkar ruwa, da shebur, da katako biyu na sa wa taya. Takalmi na roba ake sawa, ba farin nan da kuke saya don hoto ba. Zani kuma ki ɗaura wanda ba za ki yi kuka ba idan ƙarangiya ta aure shi.

Akwai wasu samari da suka zo daga Abuja da rani, kowanne ya naɗa rawani irin na Buzaye, ya toshe ido da baƙin tabarau. Suka ce a kai su hamada. Na yi musu bayani a hankali cewa nan ƙasar dawa ce da gyaɗa, hamada sai an tsallaka iyaka. Babbansu ya ce, "Haba Hajiya, ko ƙarama ce." Allah da ikonSa, a wani rafi da ya ƙafe wajen Madadi, tayoyin baya suka nutse a rairayi. Malam Habu ya fito, ya sauke shebur da katako, ya miƙa musu ya ce, "Ranku ya daɗe, ga hamada. A yi bismilla." Suka haƙa, suka tura, rawani ya warware, tabarau ya faɗi a yashi. Da yamma suka ce duk tafiyar nan babu abin da ya kai wannan daɗi, har suna tambaya ko za a iya sake nutsewa a hanyar komawa.

Wani Alhaji kuma ya tsaya a bakin rami, ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya ya ce da Gwaggo, "Hajiya, tsakanina da ke, babu ɗan zinare a ciki?" Ta sunkuya ta ɗauko kashin tama, baƙin dunƙulen nan da ke saura idan an narkar da ƙarfe, ta damƙa masa da hannu biyu ta ce, "Alhaji, kada ka nuna wa kowa." Ya zura shi a aljihun babbar riga, aljihun ya rinjayi wuyan rigar gefe guda, haka ya wuni a karkace. Ban san yadda suka ƙare da maƙerin zinare ba.

Kogon kansa ba wani babba ba ne. Dutse ne ya sunkuyo kamar tsohuwa tana neman allura a ƙasa, ƙarƙashinsa inuwa mai sanyi da warin jemage. A jikin rufin akwai shanu da aka zana da jar ƙasa, masu dogayen ƙahoni, ba su da tozo, ba irin waɗanda muke gani yau ba. Duk sun fuskanci gabas, ban da wata 'yar maraƙa da ta waiwaya baya, kamar ta ji an kira ta. Ba wanda ya san mai zanen. Mutanen ƙauyen sun ce sun tarar da su, iyayensu ma tararwa suka yi. Da hantsi ba a ganin komai sai dabbare-dabbare. Sai rana ta karkata, haske ya shigo ta gefe, sannan su fito ɗaya bayan ɗaya kamar masu dawowa daga kiwo.

Baƙo mai gaggawa ba ya jiran rana ta karkata. Wani mai basira ya gano cewa in ka watsa wa zanen ruwa, jan yakan fito ɗau nan take, hoto ya yi kyau. Ya koya wa na bayansa. Ba wanda ya damu ya duba ƙasa ya ga cewa duk ruwan da ya gangaro, da ɗan ja-ja a cikinsa.

Ni na jawo mana kasuwa, kuma a lokacin kowa ya yaba min. Na riƙa sa hotunan shanun a waya, kowanne da ɗan baiti a ƙarƙashinsa. Daga baƙi jefi-jefi muka koma bas-bas kowane ƙarshen mako. To mutum cike da bas ba ya shiga zaure. Gaisuwar ta riƙa gajarcewa har ta koma ɗaga hannu ta taga: "Baba, sannu da hutawa!" mota ta wuce. Ledar ruwa ta fara yin fure a kan ƙayoyi. Wani saurayi ya rubuta sunansa da na budurwarsa da gawayi a ƙarƙashin maraƙar, don kada tarihi ya manta da su. Gwaggo takan tsaya a bakin kogon ta ce wa masu watsa ruwa, "Kun zo shayar da su ne? Ai sun ƙoshi tun ba a haifi kakanku ba." Sai su yi dariya, su ce tsohuwar nan akwai barkwanci, su ƙara watsawa.

Ta ce min mu rage mutane. Na ce, "Gwaggo, ai baƙo ba a korarsa. Kuma wannan wayar da kan jama'a ne."

Ta ce, "To, Allah ya wayar." Ta ci gaba da taunar goronta.

Aikin da ya ɓallo mana ruwa, ango ne da amarya masu hoton kafin biki, da mai hotonsu Kamalu. Tsakiyar damina ce, gero ya kai kafaɗa. Ran nan Gwaggo ba ta zo ba, gwiwarta ta motsa. Amarya ta sa wata doguwar riga mai jela, jelar ta kwashe duk ƙarangiyar da ke tsakanin mota da kogo, ni kuma da digirina na durƙusa ina tsince mata. Ina cikin haka na ji ƙugi kamar an taɓo gidan zuma. Kamalu ne ya saki ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Ya zagaya dutsen, ango ya tafa. Sai Kamalu ya ce bari ya ɗauko garin ma, don a samu abin da zai ƙawata bayan hoto.

Kamalu ɗan birni ne, a gidan bene ya tashi. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa banɗakin ƙauye ba shi da rufi ba, kuma hantsi shi ne lokacin wankan mata, bayan maza sun fita gona. Kaji ne suka fara watsewa, sun ɗauka shirwa ce. Sai ihu ya biyo baya, daga wannan gida zuwa wancan. Kafin jirgin ya sauko, maza sun fito daga gonaki da fartanyoyinsu a kafaɗa, kuma kun san shekarun nan yadda mutanen ƙauye ke ɗar-ɗar da baƙon ido, balle idon da ke tashi sama.

Baba Tanko ya iso yana dogara sanda. Bai ɗaga murya ba. Kamalu ne ya ga ya kamata ya kwantar wa kowa hankali, ya ce, "Baba, wallahi daga can sama fuska ba ta fitowa, tsakiyar kai kawai ake gani."

Baba Tanko ya dube shi daga sama har ƙasa.

Aka kira liman, aka sa Kamalu ya goge komai a gabansa. Na fito da goro na miƙa wa Baba Tanko da hannu biyu. Ya ce in bar shi, haƙorinsa na ciwo. Mutumin da na sha gani yana fasa goro kamar gyaɗa. Ya ce, "Ku sauka lafiya," ya juya.

Da na koma gida na kwashe labari na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan. Bayan 'yan kwanaki ta tafi suna a Kara ta dawo, washegari muka ɗauki ɗaliban nan da na fara ba ku labari, muka tarar da ƙaya.

Malaminsu ya sauko ya zagaya ta, ya ce, "Ba za a iya ɗan janye gefe ɗaya ba? Minti nawa ne?"

Malam Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙayar da ba kai ka sa ba, ba kai ke cire ta ba."

Muka juya. Na kai su ramukan tama na wani wajen, suka ɗauki hoton rami, suka koma Kano suna hamma. A hanya na lura hannuwan Gwaggo duk karce ne har gwiwar hannu. Ta ce garken awakinta ta gyara. Na sa aka tsaya a kemis na saya mata man shafawa.

Ni da karatuna na kawo shawarwari. A je wurin hakimi. A samo takarda daga ƙaramar hukuma. A nuna musu muhimmancin kayan tarihi.

Gwaggo ta ce, "Samo takardar ki nuna wa ƙayar, na ji an ce ta iya karatu."

"To me za mu yi?"

"Gaisuwa."

"Daga nan fa?"

"Gaisuwa."

Haka muka shiga shekarar da ba na fatan maimaitawa. Duk ranar kasuwa sai mu hau acaɓa zuwa bakin kwalta, mu bi 'yar hanyar ƙafa ta cikin gonaki, mu durƙusa a zauren Baba Tanko. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya ƙafar? Da sauƙi. Jakin fa? Lafiya. Shi ke nan. Lafiya kawai. A nan na gane cewa a ƙauyen nan babu horon da ya kai a hana ka labarin jaki. Ban taɓa zaton zan yi kewar dabbar nan ba.

Baƙi kuwa ba sa zaman makoki. Suka kira sau ɗaya, sau biyu, na ce an rufe, suka koma wani sabon wurin shaƙatawa mai kwamin wanka. Malam Habu ya koma jigilar dawa da rake. Ni na samu koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, ina koya wa yara sunayen koguna. Wasu daga cikinku da yau kuke neman in koya muku aiki, a lokacin cewa kuka yi, "Ai dama." Ban manta ba, amma na yafe.

Cikin gida ya fi zaure wuya. Mata suka raɗa min suna Nafisa ta shirwa. In na yi sallama sai wata ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, "Ku rufa, ta iso." Gwaggo takan zaunar da ni a tabarmar Inna Hajara ta ce in sa hannu a duk abin da na tarar. Na ɓare gyaɗa har babban yatsana ya tsage. Na yi sussuka, na yi shiƙa, ƙaiƙayi ya shiga min inda ban san ina da shi ba. Na je barka, na je ta'aziyya, na san wadda ɗanta ke ci-rani a kudu da wadda ke fama da hawan jini. Wata rana bayan kaka muna ɓarar gyaɗa, Inna Hajara ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke 'yar boko, an ce tsakiyar kaina ta je har Legas."

Na ce, "Inna, wallahi an goge, a gaban liman."

Ta ce, "Kash. Da ma ran nan ban yi kitso ba. Da an faɗa min za a zo, ai da na shirya."

Tsakar gidan ta kaure da dariya, har da tafa hannu. Daga ranar aka fara ba ni ruwa a kwanon sha na gida, ba na baƙi ba.

Sau ɗaya haƙuri ya ƙare min. Muna zaure na buɗe baki na ce, "Baba, dama maganar han..." Sai tari ya sarƙe Gwaggo, tari mai tsanani, har aka ruga aka kawo mata ruwa, aka dinga yi mata sannu. Kafin ya lafa, maganata ta bi iska. A hanya ta ce, "In kika sake, suma zan yi."

Duk dawowa sai mun bi ta wajen ƙayar. Gwaggo takan danna ta da sanda ta ce, "Har yanzu da ƙarfinta." Wata rana muka tarar awaki sun yi 'yar kafa a gefe. Ta ce, "A'a, wannan ai ɓarna ce," ta ja reshe ta toshe, wai kada a ce mu muka yi.

Sai da bazara ta shigo, zafi ya kai inda ya kai. Muka durƙusa kamar kullum. Jakin fa? Baba Tanko ya gyara zama, ya ja numfashi kamar wanda ya daɗe yana riƙe da shi, ya ce, "Ai Dije, ba ki ji abin da jakin nan ya yi min ba." Ya ba da labari tun daga ranar da ya saye shi. Ban dubi agogo ba. Na yi tambayoyi ma. Da ya gama ya karɓi goro, ya fasa da haƙorin nan mai ciwo, ya dubi ƙofar zaure ya ce, "Ƙayar nan kuwa ta bushe ƙayau. Mata suna ta kukan itace. Ban sani ba ko in bar su su kwasa."

Gwaggo ta ce, "Ai itace ba a hana mata shi, Baba."

Kasuwa ta gaba muka tarar da hanya fayau, an dafa tuwo da ƙayar. Har da mu aka ci. Da za mu tashi Baba Tanko ya ce, "Ko za ku ɗan leƙa wajen shanu?"

Mu biyu muka je, muka zauna muna jiran rana ta karkata. Ledojin an kwashe, masoyan gawayi sun dishe. Shanun suka fito ɗaya bayan ɗaya. Maraƙar ce ta fito a ƙarshe, tana waiwaye kamar kullum, amma ƙafarta ɗaya ta baya babu, ta bi ruwan leda. Ba ta dawo ba har yau. Da ƙafa uku nake nuna ta, in an tambaye ni kuma nakan faɗi abin da ya cinye ta huɗun.

Yanzu mota ɗaya nake ɗauka. Ruwa ba ya wuce gindin marken da ke gaban kogo, wanda ke jin ƙishirwa ya sha a can. Shirwa ba ta tashi. Rabin wuni a zaure yake ƙarewa, kuma tun a waya nake faɗa wa baƙo haka. Da yawa sukan ce za su sake kira. Waɗanda suka zo, su ne masu iya zama har haske ya shigo ta gefe. In har yanzu kuna son yawon, ku zo ranar kasuwa da takalmin roba. Ba za ku ga dutse ba a zuwan farko, ko na biyu. Tsohon jakin ya mutu, amma ya bar ɗa, shi ma ɗan yana da nasa tarihin.

Gwaggo Dije ta rasu bara. Ranar sadakar uku Inna Hajara ta zo Gwarzo da ƙullin gyaɗa, ta zauna kusa da ni, muka gaisa gaisuwa cikakkiya. Sannan ta ce, "Allah ya ji ƙan Dije. Mace mai taurin kai. Kin san mu tun a makon nan muka huce? Malam maigidana ya ce yarinta ce, a bar maganar. Sai ga ta da sassafe da gatari, wai ta ce muku suna za ta. Ita ta sari ƙayar, ita ta saƙa, jakinmu ya yi jigila. Ta ce kada a buɗe sai shanun sun huta, ke kuma kin iya zama. Har labarin jakin ita ta hana a ba ki. Wallahi Malam ya sha wuya shekarar nan, kin san shi da jakinsa."

Sai na tuna warin da na ji a mota tun ba mu sauka daga kwalta ba. A jikin zaninta yake. Na kuma tuna man da na saya a kemis, da hannuna na shafa mata shi, tana ce min in yi a hankali, awakin zamani ba su da imani.